Allurar Gingimarin Malam Dabo

An yi ruwa da asuba, irin na ƙarshen damina wanda ba ya zuwa da iska, ya wanke Katsina tas ya wuce abinsa. Hantsi bai gama ɗagawa ba aka bugo waya caji ofis: gingimari ta danne direbanta a bakin titi, can bayan Kambarawa.

Lokacin Sufeto Lawwali yana tsaye bakin taga, yana kallon tururin da ke tashi daga kwanon masallacin ofis. Mutum ne da abokan aikinsa suka gaji da yi wa tsiya. Za ka yi masa magana ya kafe ka da ido kamar yana saurare, alhali hankalinsa ya daɗe da barin garin. DPO ya sha cewa ranar da aka fara ba da anini saboda kallon sama, Lawwali zai wuce kwamishina. Amma duk fayil ɗin da ya cije, shi ɗin dai ake miƙa wa.

Sajan Mamman, mai kula da motocin ofis, shi ya taɓa masa kafaɗa.

"Yallaɓai, mutuwa ce. Mu tahi."

Sun tarar an riga an jawo mamacin, an lulluɓe shi da tabarma a gindin wani bedi. Motar na can gaba kaɗan, ta gangara ta tokare da tudun ƙasa. Tsohuwa ce, doguwa, koren fentinta ya koɗe. A ƙyauren bayanta an zana kogi da kwale-kwale babu kowa a ciki, kuma Lawwali ya tsaya kallon zanen har sai da Mamman ya yi gyaran murya.

Sunan mamacin Malam Dabo, mutumin Ƙofar Durbi. Kowa a wurin ya san shi. Ya tsufa a kan sitiyari yana kai hatsi Kudu, ba a taɓa jin ya ture ko akuya ba.

Wani mai shayi da ke da tebur a tsallaken titi shi ya ga komai.

"Mi ka gani?" in ji Lawwali.

"Ranka shi daɗe, na gan shi ya gangaro a hankali ya tsaya. Ya sauko muka gaisa daga nesa. Na ce lahiya, Malam Dabo? Ya ce, 'Allura ta hwaɗi. Inji na yin zahi ta hwaɗi ƙasa.'"

"Wace allura?"

"Ta gejin baƙin mai," Mamman ya amsa a madadinsa. "Wadda ke nuna ko famfo na tura mai cikin inji."

"Daga nan?"

"Ya ɗauko weji ya aje, ya shige ƙarƙashi. Ina juya shayi sai na ji taya na murƙushe tsakuwa. Kahin in tsallako..." Ya rufe fuska da hularsa.

Lawwali ya koma inda motar ta fara tsayawa. Ƙasar na da laima, sawun komai ya fito kamar an zana. Ga inda tayar baya ta zauna, ga kuma wejin, katon katako mai baki kamar gatari, yana nan inda aka ajiye shi. Tayar ba ta hau shi ba, ba ta ture shi ba. Ta gefensa ta wuce, da tazarar tafin hannu biyu.

Ya durƙusa ya daɗe yana kallon wannan tazara. Birkin hannun tsohuwar mota ba abin dogaro ba ne, shi ya sa ake yawo da weji. To yaya mutumin da ya fi kowa sanin haka zai ajiye weji a inda babu taya?

Bai gama tambayar kansa ba wata farar mota ta yi birki. Alhaji Salihu ne, mai gingimarin, ya fito babbar riga na jan ƙasa, idonsa jawur.

"Rilwanu ne! Wallahi Rilwanu ne! Jiya-jiyan nan ya juye mata baƙin mai. Ko bai cika ba, ko gurɓatacce ya zuba. Da allurar ba ta hwaɗi ba mi zai kai bawan Allah ƙarƙashin mota?"

Direbobin da suka taru suka ɗauka. Kafin a sa gawar a mota har wasu sun fara maganar fetur da garejin Rilwanu. Dole Lawwali ya tura a ɗauko bakaniken, rabi don tuhuma, rabi don kar a kwana da gawa biyu.

DPO bai ɓoye abin da yake so ba. Ya ce sakaci ne da ya jawo rasa rai, a rubuta, a kai yaron kotu, gari ya lafa.

Rilwanu ba yaro ba ne. Magidanci ne mai faɗin kafaɗa, baƙin mai ya zauna a layukan tafinsa zama na har abada. Yana zaune a ɗakin tambayoyi ba takalmi, hawaye na bin gemunsa, bai damu ya share ba.

"Kai ka juye man?"

"Ni ne, Yallaɓai. Da hannuna. Na sa sabuwar filta, na auna, na tayar da ita ta yi zahi a gabana. Allurar na tsaye cak a tsakiya."

"Alhaji ya ce gurɓatacce ka zuba."

"In zuba ma wa? Baba Dabo? Mutumin da ya ɗauke ni ranar da aka binne mahaihina? A gidanshi na tashi, a kwano ɗaya muka ci da 'ya'yanshi. Ko jana'izarshi ba a bar ni na je ba."

"Ka taɓa ganin ya sa weji ya kuskure taya?"

Rilwanu ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi yatsun ƙafarsa.

"Tsautsayi ne, Yallaɓai."

"Ban tambaye ka sunan abin ba. Ka taɓa gani?"

"Ban taɓa ba."

Lawwali ya yarda da shi a kan man. A kan wejin kuwa ya ga akwai abin da aka haɗiye.

Washegari da safe aka jawo gingimarin harabar ofis, aka tokare tayoyinta gaba da baya. Rana ta fito da taushi, tsuntsaye na wanka a kududdufin bakin ƙofa. Mamman ya tuɓe kakinsa ya rataye a reshe, ya ce motar za ta faɗi gaskiya in aka tambaye ta da ladabi.

Ya fara zaro sandar awon mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Man na kan layi, garau kamar man gyaɗa. Ya leƙa ƙasa, babu ɗigo ko ɗaya.

"Alhaji ya sha ƙasa a zancen farko," in ji shi.

Ya hau ya murɗa makulli. Injin ya tashi da wata murya mai kauri, ya zauna daidai. Lawwali ya hau ɗaya gefen. Cikin kan motar na ƙamshin turaren tsinke da goro. Ga carbi rataye, ga ƙaramar darduma a naɗe bayan kujera, ga kujerar direba ta lotsa daidai jikin mutumin da ba zai ƙara zama a kai ba. Duk allurori sun tashi sun kama aikinsu, sai guda ɗaya da ke kwance a ƙasa kamar ta yi fushi.

"Ga ta nan," in ji Mamman. "Ta ce babu mai. Amma saurara."

Suka yi shiru. Injin na tafiya sumul, babu ƙwanƙwasa, babu kukan ƙarfe.

"Injin da mai bai kai ma ba, ba haka yake magana ba. Ɗayansu na ƙarya, ko shi ko ita."

Ya kashe, suka ɗage kan motar. A jikin injin akwai wani ɗan ƙarfe kamar kwalbar turare, waya ɗaya ta fita daga kansa. Mamman ya ce sensa ke nan, ita ke jin ƙarfin man ta aika wa allura labari ta waya. Ya kwance ta, ya ɗaura wani gejin hannu da ya zo da shi a gurbinta, wanda mai ke shiga kai tsaye ba ruwansa da lantarki. Da aka sake tayarwa, allurar gejin hannun ta yi tsalle ta tsaya a inda ya kamata. Suka bar injin ya yi zafi sosai. Ta ɗan sauko kaɗan, yadda mai kan saki in ya ji wuta, ta tsaya ƙyam.

"Famfo lahiya lau. Mai lahiya lau. Rilwanu bai yi ƙarya ba."

"To wa ya yi?"

"Saura ukku. Sensa, ko waya, ko gejin da ke gaban direba."

Ya bar bakin wayar yana lilo a iska, ya ce Lawwali ya leƙa ciki. A irin wannan mota, in ji shi, in ka raba waya da sensa allura kan haura sama can ƙarshe. In kuwa wayar ta taɓa ƙarfen mota, sai ta faɗi ƙasa.

"Tana ina?"

"Tana kwance," in ji Lawwali.

"To wayar na taɓa ƙarhe a wani wuri. Sai mu bi ta."

Bin waya a tsohuwar gingimari aiki ne na mai haƙuri. Ta shige cikin 'yan'uwanta, ta ɓuya bayan bututu, ƙasa da maiƙo sun mai da su duk launi ɗaya. Mamman ya yi ta laluba yana tsaki. Lawwali kuwa, kamar yadda ya saba, ya bar shi da aikin ya tafi yawon ido.

Ƙudan zuma yake kallo. Guda biyu ne da farko, sai suka zama biyar. Ba su kula bedin da ke inuwa ba, ba su kula kwanon kokon da wani kurtu ya bari ba. Suna ta shawagi a bayan tayar gaba ta hagu, su shiga, su fito, su sake shiga, hasken safiya na ratsa fukafukansu. Kukansu ya haɗu da na injin har Lawwali ya ji kamar barci zai ɗauke shi a tsaye. Ya tuna amyar kakansa a kan wata tsamiya, da yadda tsohon kan narka saƙa a kasko, zuma su cika gidan kamar an gayyace su.

"Mamman, mi zuma ke nema a jikin inji?"

"Yallaɓai, don Allah, ina aiki."

"Kashe ta ka zo nan."

Suka durƙusa bayan tayar. Daga nan hannu na iya kaiwa gefen injin ba sai an ɗage kai ba. Ga wayar ta biyo ta wurin. An fere rigarta da reza, fira mai tsabta, tsawon gaɓar yatsa, an lanƙwasa ta yadda jan ƙarfen cikinta ya kwanta a jikin injin. Daga wurin wani abu rawaya ya zubo ya bi ƙarfen, yana sheƙi saboda zafi.

Lawwali ya lakato da yatsa ya kai hanci. Kakin zuma ne.

Mamman ya zauna daɓas a ƙasa. Ya jawo wayar ya raba ta da ƙarfen, ya mayar da sensa, ya tayar. Allurar gaban direba ta miƙe ta tsaya a tsakiya, kamar ba ita ba.

"Ka ga abin da aka yi?" ya ce a hankali. "An dunƙula kaki an sa tsakanin wayar da inji. Da sanyi kakin na da tauri, komai daidai. Inji na yin zahi ya narke, waya ta kwanta, allura ta hwaɗi."

"Don mi ba a haɗa ta kai tsaye ba? Mi ya sa sai an yi wahalar kaki?"

"Don wanda ya yi ya san direbobi. In ka tayar da mota da sahe ka ga allura a mace, kowa zai ce waya ce, a gyara a wuce. Amma in tana lahiya sai da inji ya gasu ta hwaɗi, wannan famfo ne ko cikin inji ya cinye. Babu tsohon direban da zai ƙara taku ɗaya. Kuma mai mota zai aje ta sai an sauke inji, a yi makonni."

Lawwali ya naɗe ɗan kakin a takarda. Wani ya so motar ta tsaya, ya kuma so ta daɗe a tsaye. Bai ga alamar wanda ya so ta kashe mutum ba, kuma wannan ya fi komai damunsa.

Ya sa aka fito da Rilwanu harabar. Bakaniken ya zo yana ƙifta ido saboda haske.

"Manka lahiya lau," in ji Lawwali. "Zo ka ga abin da ya kayar da allurar."

Ya riga ya goge kakin tas, saura wayar da aka fere. Rilwanu ya durƙusa ya leƙa. Lawwali bai kalli wayar ba, ƙeyar mutumin yake kallo, ya kuwa ga lokacin da ta sandare. Rilwanu ya daɗe a durƙushe fiye da yadda ganin waya ɗaya ke buƙata. Da ya miƙe, fuskarsa ta zama ta wani mutum daban.

"Ni na yi, Yallaɓai."

Mamman ya saki sifana ta faɗi.

"Kai ka yi?" in ji Lawwali. "Jiya ka ce mani uba ne gare ka."

"Mun samu saɓani. Na so in ba shi wahala. A rubuta, in sa hannu."

"Wane saɓani?"

"Tsakaninmu ne."

"Da mi ka tokare wayar, don kar ta taɓa sai inji ya yi zahi?"

Idon Rilwanu ya yi yawo.

"Da... leda. Na naɗa leda."

"Leda."

"Eh, Yallaɓai."

"Rilwanu, ka san inda wanga zance zai kai ka? Ba sakaci ba ne yanzu, ganganci ne. Kana da mata, kana da 'ya'ya. Shekaru za ka yi."

"Na sani. A rubuta."

Aka rubuta, ya sa hannu. DPO ya yi murna har ya aiko wa Lawwali da lemo mai sanyi. Lawwali ya bar lemon a kan tebur bai taɓa ba, ya ce a kira masa Kofur Zainab, za su je gaisuwar mutuwa.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka isa Ƙofar Durbi. Gidan tsohon gini ne na ƙasa da aka yi wa siminti daga baya, a gefensa akwai fili inda ciyawa ta kwanta, baƙin mai ya ɗiɗɗiga, alamar nan motar ke kwana. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawa na zaune da carbi.

"Salamu alaikum. Ya muka ji da haƙuri?"

"Haƙuri mun gode Allah."

"Ya ƙarin haƙuri? Ashe Malam lokaci ya yi."

"Lokaci ya yi, Yallaɓai."

"Allah shi jiƙan shi, shi sa ya huta, shi ba mu guzurin tarar da su."

Aka shafa fatiha. Wani ƙanen mamacin ya yi musu iso cikin gida.

Tun daga zaure Lawwali ya ga igiyar. Siririya ce, irin ta shanya, amma babu mai shanya a tsayin ƙugu. An ɗaura ta a ƙusa bakin zaure, ta bi jikin bango, ta zagaya bayan randa, ta wuce wurin alwala, ta ƙare a ƙofar wani ɗaki. Bangon da ke bayanta ya yi santsi da duhu, irin na wurin da hannu ke bi kullum. Ya sa yatsunsa a kai ya bi ta a hankali, ya lumshe ido. Ta kai shi har ƙofar ɗakin maigidan ba tare da ya yi tuntuɓe ba.

Matar mamacin, Hajo, tana zaune a ɗakinta cikin mata, an saki labule. Suka gaisa ta bayan labulen.

"Inna, ki yi haƙuri da tambaya a irin wanga lokaci. Idon Malam lahiya yake?"

"Lahiya lau. Ko tabarau bai taɓa sawa ba."

"Igiyar ga ta bango fa?"



"Ta jikoki ce. Wasa suke da ita."

Lawwali bai ja ba. Ya san ba shi take yi wa ƙarya ba. Mutuncin mijinta take rufewa, yadda ta saba rufe shi yana da rai.

Wata budurwa ta fito daga madafa da kwanon ruwa, ta durƙusa ta ajiye. Doguwa ce, siririya, idonta ya bushe irin na wanda kuka ya ƙi zo masa. Aka ce Muhsina ce, autar Malam. Da ta janye hannu, wani ƙamshi ya biyo shi, mai daɗi, mai nauyi.

Ya bi tsakar gidan da kallo. A wata rumfa can kusurwa an jera ƙananan robobi masu farin murfi, ga tukunya, ga ƙullin man kaɗe. A kan wani faranti akwai curin kaki rawaya kamar sabulun wanki, an yanke masa kusurwa ɗaya. Zuma biyu na zaune a kai.

"Sana'ar wa ce waccan?"

"Tawa ce," in ji Muhsina. "Man shahwawa nake haɗawa."

"Ina son magana da ke a zaure. Kofur za ta zauna da mu."

Zauren na da duhu da sanyi. Haske ɗaya ne ke shigowa ta wata 'yar taga a sama, ya sauka a tabarma tsakaninsu. Muryoyin masu gaisuwa na zuwa daga waje kamar daga ƙasan rijiya.

"Kin san mota?"

"A'a."

"Ko kaɗan?"

"Ni mace ce, Yallaɓai. Mi ya haɗa ni da gingimari?"

"Kin taɓa tambayar Rilwanu abin da ke sa allurar mai ta hwaɗi alhali mai na nan?"

Ta gyara mayafinta.

"Ban tuna ba."

Ya ciro takardar ya warware a cikin hasken. Kakin ya daskare, ƙasa ta manne masa. Ta kalle shi, ta kau da kai. Lawwali ya ga za ta iya kwana a haka. Ba ya son abin da zai faɗa, amma gaskiya ce, kuma ba shi da wata.

"Rilwanu ya amsa laihi. Ya ce shi ya fere wayar. Ya sa hannu, gobe za a kai shi kotu."

Ta ɗago da sauri.

"Ya ce shi ya yi?"

"Ya ce leda ya naɗa. Bai ma san da kaki ba. Yana ganin wayar ya gane hannun wa, sai ya miƙa wuyanshi."

Nan kukan da ya ƙi zuwa ya zo. Bai zo da ƙara ba. Ta dafe bakinta da mayafi, jikinta duka na girgiza, Kofur Zainab ta matso ta riƙe mata kafaɗa. Lawwali ya mayar da idonsa kan 'yar tagar ya jira.

"Tun bara yanar ido ta hwara rufe ma Baba gani," ta ce daga baya. "Likita ya ce aiki ne ƙarami, amma sai ya zauna gida ya warke. Ya ce in Alhaji ya ji zai amshe makulli, shi kuma in aka raba shi da mota an gama da shi. Ya sa mu rantsuwa, ni da Inna da Yaya Rilwanu."

"Sai mi ya hwaru?"

"Dawowarshi ta ƙarshe yana cin tuwo yana ba ni labari, yana dariya. Wai tun daga Zariya wata tirela ya samu ya bi. Jan hitilar bayanta kaɗai yake gani. In ta yi dama ya yi dama, in ta tsaya ya tsaya. Ya ce, 'Auta, Allah ya ba ni ɗan jagora.' Yallaɓai, mota ce mai ɗaukar buhu ɗaruruwa, tana ratsa kasuwanni. Na roƙe shi, na yi kuka, na kai ƙara wurin ƙanenshi. Ya ce tahiya ɗaya ta rage. Kullum tahiya ɗaya ta rage."

"Wa ya koya maki zancen zahi da sanyi?"

"Baba." Ta yi wani murmushi mai ciwo. "Ina ƙarama in an yi hutu yakan ɗora ni gehenshi. Ya nuna mani allurar ya ce, 'In da sanyi ta mutu, waya ce, kar ki damu. In da zahi ta hwaɗi, kashe inji ko a tsakiyar gada kike.' Wurin Yaya na tambayi wace waya ce, na ce gardama muka yi da wata. Da Baba ya tahi masallaci da asuba na hita da reza."

"Mi kika zaci zai hwaru?"

"Na zaci zai kashe ta, ya kulle, ya hau kurkura mai ƙahwa ukku ya dawo gida yana hwaɗa. Alhaji ya ce a sauke inji. In roƙi Yaya ya ja aikin, mu kuma mu kai shi asibiti ba wanda ya sani. Na lissahwa komai. Ban lissahwa cewa Baba ba ya barin mota bai leƙa cikinta ba, balle cewa idonshi zai sa ya aje weji inda babu taya." Ta share fuska. "Har kunu na dama mashi na ruhe. Na san zai dawo bai huce ba."

Lawwali ya yi shekaru yana jin mutane na amsa laifi, wasu da taurin kai, wasu da dabara, bai taɓa jin wanda ya sa shi fatan da bai iya aikinsa ba sai wannan. Tausayinta ya kama shi.

"Muhsina, ba ni da ikon in bar zancen ga a zauren nan. An rasa rai, kuma ga wani a kulle. Zan rubuta duk abin da kika hwaɗa, har da dalili. Sauran na alƙali ne."

"Na sani. Bari in sallami Inna."

Ta shiga, ta ɗan jima. Wani sauti ya fito daga ɗakin, gajere, sai aka ji mata na salati. Ta fito da hijabi har ƙasa. Zainab ta taɓa ankwar da ke ƙugunta, ta dubi Lawwali, ya girgiza kai. Suka ratsa dattawan ƙofar gida a hankali, kamar masu rakiyar baƙuwa.

Ana kiran magariba aka fito da Rilwanu bakin kanta, aka tura masa takalmansa da hularsa. Bai gane ba sai da ya juya ya gan ta tsaye kusa da Zainab.

"Mi ya kawo ki? Na riga na sa hannu! Yallaɓai, ƙarya take, ni ne!"

"An yaga takardar," in ji Lawwali.

"Auta, don mi? Da kin yi shiru. Ni namiji ne, zan iya."

"Ya isa, Yaya," ta ce. "Na kashe ma Inna mutum ɗaya, ba zan ƙara mata da kai ba. Ka tahi gida. Tana buƙatarka, kuma ba ta ci komai ba tun jiya."

Zainab ta kama hannunta suka bi ta ƙofar ciki, aka rufe.

Rilwanu ya tsaya rungume da takalmansa kamar bai san amfaninsu ba. Sai da Mamman ya ja shi ya zaunar a benci, ya durƙusa ya sa masa su da hannunsa, sannan ya tashi ya kama hanyar Ƙofar Durbi.